Yaushe Ya Kamata Direba Ya Taɓa Maɓallin SPORT?

Motocin da ke bin kwaltar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta ratsa Ambursa ta nufi Argungu sun sauya kama a 'yan shekarun nan. Har yanzu motocin haya masu giyar hannu da kuloci ne ke ɗibar fasinja a tasha, amma motocin gida da na ma'aikatu galibi masu canza giya da kansu ne: Corolla, Camry, Accord, Highlander, Hilux. Da yawansu na hannu ne, sun sha tafiya a Amurka ko Turai kafin su iso, kuma littafin bayanin da ke zuwa da sabuwar mota ya daɗe da ɓacewa. Mai mota zai tarar da harafin S kusa da D a jikin giya, ko wani maɓalli da aka rubuta wa SPORT, ko PWR, ko ECO, ba shi da mai yi masa bayani sai abokan majalisa. A can kuwa magana biyu ake yi. Wasu na cewa ƙarfi ne aka ɓoye a cikin injin, sai ka danna ya fito. Wasu na cewa kashe giya yake yi, kada a kuskura a taɓa shi. Duk ɓangarorin biyu sun kauce. SPORT ba ya ƙara wa injin ƙarfi, yana sauya yadda mota ke sauraron ƙafar direba ne da lokacin da take canza giya. Saboda haka amfaninsa na 'yan daƙiƙoƙi ne a wurare ƙididdigaggu, sauran tafiyar kuwa ta D ce.

Sai an san abin da ke ƙarƙashin ƙafa kafin a gane wannan. A tsofaffin motoci wata waya ce ta ƙarfe ke haɗa totur da ƙofar da iska ke bi ta shiga injin: gwargwadon takunka, gwargwadon buɗewar ƙofar. A galibin motocin da ke da maɓallin SPORT an cire wannan waya. Totur ya zama na'ura mai auna nisan da ƙafa ta danna, ta aika wa kwamfutar mota, wadda bakanikai ke kira ƙwaƙwalwa, ita kuma ta yanke shawarar yadda za ta buɗe ƙofar iska da yawan man da za ta fesa. A tsarin yau da kullum an tsara ta da sassauci, don motar ta tashi a hankali kuma kada ta fizgi fasinja. A SPORT kuwa, takun da a da yake ba da buɗewa kaɗan yanzu yana ba da buɗewa mai yawa tun daga farkon dannawa. Shi ya sa direba ke jin motar ta zabura. Amma idan ya take totur har ƙasa, ƙofar ta buɗe iyakar buɗewarta a kowane tsari, babu sauran abin da maɓalli zai ƙara. Injin Corolla mai lita 1.8 da aka sayar a Amurka daga 2009 zuwa ƙarshen shekarun 2010 yana ba da ƙarfin doki 132 idan yana juyi 6,000 a minti, kuma 132 ɗin ne ko a D ko a SPORT. Mahayin da ya sa ƙaimi bai ƙara wa doki ƙarfi ba, ya dai sa shi saurin amsawa.

Sauyi na biyu, wanda ya fi muhimmanci, a akwatin giya yake. Ƙaramin injin mai shan fetur ba ya ba da cikakken ƙarfinsa idan yana juyawa a hankali. Wancan injin na Corolla yana kai ƙololuwar jansa ne a wajen juyi 4,400 a minti, alhali idan motar tana tafiyar kilomita 80 a awa a giyar ƙarshe allurar agogon injin tana zaune ne a wajen 2,000, ko ƙasa da haka. An yi hakan da gangan. A D, kwamfuta tana gaggawar hawa giya ta sama don injin ya juya a hankali, ya sha mai kaɗan, ya rage ƙara. A SPORT tana jinkirta hawa, ta bar allurar ta yi sama kafin ta canza, kuma idan direba ya ɗaga ƙafa ba ta rugawa giyar ƙarshe, tana riƙe wadda take ciki don ƙarfin ya kasance a kusa. Motocin da ke da giya mai bel, wadda ake kira CVT, irin yawancin Corolla na 2014 zuwa sama da yawancin Accord masu silinda huɗu na 2013 zuwa sama, ba su da matakan giya na haƙora, amma abin da suke yi ɗaya ne: su riƙe injin yana juyi da sauri. A wasu motocin sitiyari ma yakan ƙara nauyi a hannu, wanda ke sa direba ya ji kamar motar ta ƙara kama ƙasa, alhali tayoyin nan ne dai da ya baro gida da su. Taurin abin shanye gargada kuwa sai a motoci masu tsada, waɗanda ba su da yawa a hanyoyinmu.

Mai musu zai ce ai akwai motocin da SPORT ke ƙara musu ƙarfi na gaske. Haka ne, akwai wasu masu tobo, irin wasu samfuran Porsche, da kwamfuta ke ƙara musu matsin iska na ɗan lokaci idan an zaɓi tsarin gudu. Ba su ne ke ajiye a ƙofar gidajen Ambursa ba. Akwai ma akasin haka: kamfanoni irin BMW da Volkswagen sun sa wa wasu motocinsu na'urar da ke ƙara rugugin injin a cikin mota don kunnen direba kawai. Wannan ya isa ya nuna cewa wani kaso na abin da ake sayarwa da sunan SPORT jin daɗi ne, kuma jin daɗin ne ke yaudarar ƙafa.

Kafin a zo ga amfani, ya kamata kowa ya tantance abin da ke cikin motarsa, domin alamomin sun sha bamban. A Honda, S ɗin da ke bayan D shi ne tsarin riƙe giya da aka bayyana. A Toyota da yawa masu giya shida, irin Camry na 2012 zuwa 2017, tura giya gefe zuwa S yana nufin direba ne zai sa iyakar giyar da mota ba za ta wuce ba. Zai ga S4 ko S5 a allon gabansa, kuma S4 na nufin motar za ta riƙa canzawa tsakanin ta ɗaya da ta huɗu, ba za ta hau sama ba sai ya tura hannun giya wajen alamar ƙari. Wanda ya sa S4 daga Birnin Kebbi ya manta har Argungu ya hana motarsa giya biyu mafi sauƙin shan mai. A tsofaffin Camry da Lexus da Land Cruiser akwai ECT PWR, wanda ke jinkirta canjin giya. Sababbin Hilux suna da PWR da ECO a kusa da juna. Tsofaffin Corolla masu giya huɗu kuwa suna da ɗan maɓalli a jikin hannun giya wanda idan an danna sai O/D OFF ya kama a allo, ma'ana an rufe giyar ƙarshe. Yana da kyau mai irin wannan mota ya duba allonsa yau, domin yatsa na iya danna shi ba da niyya ba, a yi ta tafiya da giya ta uku ana zargin gidan mai. Idan kuma fitilar tana ƙiftawa da kanta, kwamfuta ce ke sanar da matsala a akwatin giya, sai a nufi gareji.

Wurin da SPORT ya fi cancanta a wannan hanya shi ne wuce babbar mota. Kwarin Rima ƙasar shinkafa ce, kuma tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, aka kuma buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017, manyan motocin dakon shanshera da buhunan taki sun zama abokan tafiyar kowa. A yi lissafi mai sauƙi. A ce tirela mai tsawon mita 18 tana tafiyar kilomita 50 a awa, kai kuma za ka wuce ta da 80. Ratar gudunku kilomita 30 ce a awa, wato mita 8 da 'yan kai a kowace daƙiƙa. Idan aka haɗa tazarar da ka bari a bayanta, da tsawonta, da tsawon motarka, da tazarar da za ka bari kafin ka koma hannunka, abin ya kai mita 60. Kenan za ka yi daƙiƙa bakwai zuwa takwas a hannun da ba naka ba, kana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, jimla fiye da mita 160. Motar da ke tahowa da gudu irin naka ita ma za ta ci wannan adadi. Sai ka hango hanya fayau ta fiye da mita 300 kafin ka fita, kuma wannan lissafin ya ɗauka cewa ka riga ka kai 80 tun daga farko. Wanda ya taso daga 50 a bayan tirela yana buƙatar fiye da haka, kuma duk daƙiƙar da motarsa ta yi tana nawa, ƙarin mita ne a bakin haɗari.

A nan ne hujja mafi ƙarfi ta masu cewa maɓallin ba shi da amfani take shigowa. Suna cewa ai ko a D, idan ka take totur har ƙasa, giya za ta sauko da kanta ta ba ka dukan ƙarfin injin, to mene ne na danna wani abu? Maganarsu gaskiya ce, kuma kowane direba ya kamata ya san wannan dabara, domin ita ce mafita idan abu ya zo ba shiri. Sai dai saukowar ba ta faruwa nan take. Kwamfuta za ta karanta takun, ta zaɓi giya, ta sauko mataki biyu ko uku, injin ya ɗaga, sannan ja ya iso tayoyi. A tsohuwar mota mai gajiyayyen man giya wannan jinkirin ya fi tsawo, kuma yana zuwa ne daidai lokacin da hancin mota ya riga ya leƙa ɗaya hannun. Wanda ya sa SPORT tun yana bayan tirela ya biya wannan jinkirin a wurin da babu haɗari. Yadda ake yi shi ne: ka bar tazara mai kyau a bayan babbar motar don ka iya hangen gaba, ka sa S ko ka danna maɓallin, ka ji injin ya ɗaga, ka duba madubi, ka kunna sigina, idan hanya ta buɗe ka fita da taku ɗaya tabbatacce ba tare da ɗar-ɗar ba, ka koma hannunka sai ka ga gaban tirelar gaba ɗaya a madubin ciki, sannan ka mayar da D. Idan ka yi shakka ko za ka iya, amsar ita ce a'a, kuma babu maɓallin da ke canza ta. Ba a wucewa a kwana, ko kan gada, ko bakin gari, ko lokacin da ƙurar hunturu ta rufe nesa.

Akwai wasu wurare biyu da riƙe giya ke da amfani, kodayake ba kullum ake cin karo da su a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kebbi ba. Na farko shi ne mota mai nauyin kaya, a ce an cika but da buhunan shinkafa ga mutum biyar a ciki. Idan direba ya lura giya tana hawa tana sauka, tana hawa tana sauka, ta kasa zama wuri ɗaya, wannan kai-komo yana ɗumama man giya, kuma gara a riƙe ta a giya ɗaya ta ƙasa har hanya ta daidaita. Na biyu shi ne doguwar gangara, irin wadda mai zuwa ƙasar Zuru zai iya tararwa, inda giyar ƙasa ke sa injin ya riƙe mota, birki ya huta kada ya yi zafi.

Inda kuwa SPORT ke cutarwa ya fi yawa, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin D ce ta cancanci hanyar. Cikin gari, a cunkoson Birnin Kebbi ko ranar kasuwa, tsakanin 'yan kabu-kabu da masu Keke da amalanke da yaran makaranta, abin da direba ke so shi ne mota mai tashi a hankali. Totur mai zabura a irin wannan wuri yana mayar da ɗan kuskuren ƙafa ya zama karo. Haka abin yake a lokacin jigilar alhazai, sa'ad da 'yan rakiya ke cika mashigar filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, ko lokacin bikin kamun kifi na Argungu da motoci ke jerin gwano zuwa Matan Fada. A hanyar fadama kuma, cikin laka da damina ko cikin rairayi da rani, saurin amsawar totur yana sa taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana haƙa wa kanta rami. Abin da ake so a nan kishiyar SPORT ne. Motocin da suka zo daga ƙasashe masu ƙanƙara sukan zo da maɓallin SNOW, Land Cruiser kuma da 2nd STRT, waɗanda ke tausasa tashin mota, wasu ta hanyar farawa da giya ta biyu. An yi su ne don santsin ƙanƙara, amma suna taimakawa a santsin laka.

Sai batun mai, wanda ya daina zama ƙaramar magana tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 a wurare da dama a 2024. Injin da ke juyi 3,000 don yin aikin da zai iya yi a 2,000 yana ɓarnatar da ƙarfi wajen gogayyar sassansa da zuƙar iska, kuma mai ne ke biyan wannan ɓarna. Yawan abin da za a yi asara ya danganta da mota da ƙafar direba, amma alkiblar ɗaya ce kullum. Me ake samu a madadinsa? Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu kusan kilomita 50 ne. Da gudun 80 tafiyar minti 37 da rabi ce, da gudun 100 kuma minti 30. Minti bakwai da rabi ke nan, idan ma babu shingen bincike ko garken shanu da zai cinye su. Dokar hanya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke aiki da ita ta sa wa ƙananan motoci iyakar 50 a cikin gari da 80 a babbar hanya, 100 kuwa sai a tagwayen hanyoyi na musamman. Kuma nisan da birki ke buƙata ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi: motar da ke 110 tana buƙatar kusan ninki biyu na nisan da mai 80 ke buƙata kafin ta tsaya. SPORT bai taɓa birki ba, bai taɓa taya ba. Ya sauƙaƙa kaiwa 110 ne kawai, a hanyar da akuya ko yaro kan iya fitowa daga bayan kowace bishiya.

Ga masu tsoron cewa yana kashe giya, hankalinsu ya kwanta. Kamfanin da ya ƙera motar ne ya sa shi, kuma kwamfuta ba ta barin allura ta ƙetare jan layi. Ana iya matsawa daga D zuwa S, ko a danna maɓallin, mota tana tafiya, ba sai an tsaya ba. A Toyota, idan direba ya nemi saukar da giya a gudun da zai cutar da injin, motar za ta yi ƙara sau biyu ta ƙi. Abin lura kawai shi ne a koyi hanyar hannun giya mota tana tsaye, ƙafa a kan birki, har hannu ya saba, don kada a lalube shi ana kallon ƙasa a tsakiyar titi. Amma tsoron nasu bai rasa tushe ba. Motar da ta yi shekara goma sha biyar, wadda ba a san ranar da aka canza man giyarta ba, lagiretonta ya toshe da ƙura, aka kuma cika shi da ruwan rijiya, tana tafiya ne a bakin iyakarta a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kebbi. Riƙe ta a juyi mai yawa na tsawon awa guda, ga na'urar sanyi tana ja, zai iya fito da ciwon da ke kwance. SPORT ya tona shi ne, amma rashin kula ne ya haife shi. Wanda ke son ya riƙa amfani da maɓallin ya fara da duba baƙin mai, da man giya irin wanda kamfanin ya ambata (na CVT daban yake, kuma zuba masa na gama-gari yana lalata shi), da ruwan lagireto, da fankarsa.

ECO kuma fa? Shi ne ɗaya gefen: yana dakushe totur, yana gaggauta hawa giya, a motoci da yawa kuma yana rage ƙarfin na'urar sanyi. A cikin gari yana da amfani ga mai nauyin ƙafa. A tafiyar da gudu ya daidaita a 80 ribarsa kaɗan ce, tunda motar ta riga ta hau giyar ƙarshe, kuma da zafin bazara fasinja za su ji a jikinsu. Direban da ya bar ECO a kunne ya tuna da shi kafin ya fita wuce tirela, domin nawar da ke ceton mai a gari ita ce abin da ba a so a can.

Masu ƙera motocin ma sun nuna matsayinsu a aikace. A Toyota da wasu da dama, idan an kashe mota tana SPORT, da an sake tayar da ita sai ta koma tsarin yau da kullum da kanta, sai direba ya sake dannawa idan yana so. Harafin S na jikin giya kuwa ba ya komawa D da kansa ana cikin tafiya, hannun direba ne zai mayar da shi, shi ya sa ya kamata duban allo ya zama ɗabi'a bayan kowace wucewa: idan S ko SPORT ko O/D OFF na nan a kunne alhali hanya ta miƙe babu kowa a gaba, a kashe shi, a ga allurar injin ta sauko wajen 2,000.